Hannun Yaya a Takardar Auta

Ranar da labarin ya iske Yaya, tana kan kwalar wata farar riga ce, ta uku cikin goma sha biyu da wani otal ya aiko tun safe. Shagon wanki da guga ne, dogon ɗaki guda, da fanka ɗaya a sama wadda ba ta da aiki sai kwasar zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan. Mai shago ya leƙo da waya a hannu. Bai yi tsawar da ya saba ba. Ya ce, "Yaya, ajiye dutsen nan tukuna." Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Ba ta ajiye ba. Ta ce in maganar zanin gadon jiya ce, da ƙunarsa aka kawo shi, ba ita ta ƙona ba.

Ya ce, "Ba zani ba ne. Daga gida ne. Auta ne. Sai haƙuri."

Ta ƙarasa kwalar. Ta juya rigar, ta bi kafaɗa, ta bi hannu, sannan ta zare wayar dutsen daga bango ta naɗe ta yadda ta saba, ta ɗauki jakarta. Ma'aikatan shagon suna tsaye suna jiran ta faɗi ƙasa ta yi ihu. Ba ta ba su wannan kallon ba.

Auta ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana da shekara goma sha ɗaya uwarsu ta rasu, shi yana rarrafe, sai aka cire ta daga makaranta tana aji uku aka ɗora mata shi a baya. Shi ya sa har yau karatunta sai da yatsa, harafi bayan harafi. Ta yi aure sau ɗaya, ba ta ga abin da ake yayatawa ba, ta dawo. Shi kuwa ya girma ya zama direban motar ma'aikata a wani kamfani, ya yi aure, yana zaune da matarsa a ɗakin da ke kallon na Yaya, tsakar gida ɗaya. Shekararsa talatin da huɗu. Ba ciwo ya kwantar da shi ba, ba hatsari ya yi ba. Da hannunsa ya tafi. Matarsa ce ta same shi da hantsi, da ta dawo daga cefane.

Kafin yamma gida ya cika da masana. Wata ta ce iska ce ta taɓa shi, ita tun bara ta gani a idonsa. Tun bara ta gani, amma sai yau Allah ya buɗe mata baki. Wani ya ce ƙwaya ce, duk direbobi haka suke, alhali Auta ko sigari bai taɓa kai wa baki ba. Wata kuma ta kalli matar mamacin ta wutsiyar ido ta ce ai namiji ba ya yin haka in yana samun sanyi a ɗakinsa. Suna kuka da ido ɗaya, ɗaya idon yana lissafin kujerun ɗakin da labulen taga.

Shugaban masanan Kawu ne, ƙanin uwarsu, tsohon akawu da ya yi shekara talatin yana buga hatimi a takardun da wasu suka rubuta, ya bar aiki da imanin cewa shi ya rubuta su. Tun Auta yana goye bai taɓa saya masa ko silifa ba. Ya tara dangi a bakin ƙofa ya ce, "Duk wanda ya tambaya, hawan jini ne. Kun ji ko? Hawan jini. Gidan nan yana da suna."

Yaya ta ce, "Wane suna, Kawu? Ko mai kawo saƙo sai ya yi tambaya sau uku kafin ya same mu."

"Ke matsalarki baki."

"Gado na yi, ta wajen uwa."

Duk cikinsu babu wanda ya san asalin abin sai ita, kuma ita ce kaɗai ba ta kawo nata bayanin ba.

Abin ya faro ne shekara ɗaya da rabi kafin nan. Auta ya daina barci, ya daina cin abinci sai an tsaya a kansa. Wata safiya yana ɗauke da ma'aikata ashirin, ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya kifa kai a sitiyari yana kuka kamar yaron da aka yaye. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya taɓa shi. Kamfani ya ce ya zauna a gida, kuma ba zai sake riƙe makullin motarsu ba sai ya kawo takardar likita mai cewa ya warke.

Haka suka fara hawa benen asibiti kowace Talata, sashen da mutane ke rufe fuska in za su shiga. Doguwar baranda ce mai koren bango, da benci uku, da wata ma'aikaciya a tebur wadda ba ta ɗaga kai ko da gini zai faɗo. Likitan matashi ne mai tabarau, da biro uku a aljihun riga, shi ya sa Yaya ta raɗa masa Biro Uku. Magana yake yi a hankali kamar mai tsoron kada ya tashi jariri. A ɗakinsa akwai kujeru biyu suna kallon juna da kwalin takardar share hawaye a tsakani, an ajiye tun kafin mutum ya yi niyyar kuka. Yaya ta leƙa sau ɗaya ta ce wannan ba asibiti ba ne, wurin tatsar hawaye ne. Ba allura, ba awon ƙirji, sai "yaya ka ji da hakan?" Mutum ya yi shekara bakwai yana karatu don ya koyi tambayar da kowace kaka take yi kyauta.

Ban da hira da magani, akwai takarda. Duk bayan wata biyu ma'aikaciyar tana miƙo wa Auta takarda mai shafi huɗu da fensir ɗaure da zare, ya cika a kan benci kafin a kira shi. Kowane layi magana ce, da akwati huɗu a gabanta: sam, wani lokaci, sau da yawa, kullum. Karo na farko shi kaɗai ya cika, Yaya tana gyangyaɗi. Abin da ya biyo baya shi ne aka ƙara masa magani, aka ce takardar komawa aiki ba yanzu ba. Sai Yaya ta gane inda gizo yake saƙa. Ba bakin Auta likitan yake saurare ba, akwatunan nan yake ƙirgawa.

Karo na biyu ta matso kusa da shi ta ce, "Karanta mini da ƙarfi."

Ya karanta. "Nakan ji kamar babu kowa a cikina."

"Me za ka sa?"

"Sau da yawa."

"Sau da yawa a gidan wa? Ni da na yi shekara talatin ina cika cikin nan? Sa sam."

Ya sa sam. Ya karanta na gaba. "Ina tsoron waɗanda nake ƙauna za su tafi su bar ni."

"Su tafi ina? Ni ko kasuwa na je sai na dawo. Sam."

"Idan wani ya yi fushi da ni, sai in ji ni ba komai ba ne."

"Wanda ya yi fushi ya sha ruwa. Sam."

"Nakan nemi taimako idan abu ya fi ƙarfina."

"Taimakon wa? Mu mabarata ne? Sam. In ka sa kana neman taimako, cewa za su yi ba ka iya riƙe kanka ba, balle mota."

"Yawancin mutane ba su san abin da suke yi ba."

"Wannan kam kullum. Danna fensirin da kyau."

Auta ya yi dariya, dariyarsa ta farko cikin wata uku, har ma'aikaciyar ta kusa ɗaga kai. Ya ce, "Yaya, takardar nan taki ce ko tawa?"

Ta ce, "Wadda ta goya ka ta fi ka sanin bayanka. Ci gaba."

Haka suka yi sau huɗu. Wani layin sai ya riƙe fensir a kan akwatin da yake so, ya ɗan dakata, ya kalle ta, ita kuma ta ɗaga masa gira, sai fensirin ya koma inda ta ce. Bai taɓa yi mata musu ba. Auta bai iya musu ba tun yana yaro, in ka ce masa rana ce da tsakar duhu sai ya ce lalle akwai haske-haske. Bayan takarda ta huɗu da suka cika tare, Biro Uku ya rubuta wasiƙar komawa aiki, ya ce zuwan kowace Talata ya isa haka, sai bayan wata uku-uku. Yaya ta sauko daga benen nan tana ji kamar ta ci kasuwa. Da hannunta ta goge masa rigar aiki, ta sa mata sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai.

Wata huɗu ya yi yana tuƙi. Kullum zai fita ya ce, "Yaya, na tafi," ta ce, "Lafiyarka ƙalau, kada ka yarda wani ya ce maka wani abu." Ya ce, "Haka ne."

Mako uku bayan rasuwar, asibiti ya yi waya cewa likita yana so ya gana da dangi. A lokacin Kawu ya riga ya binciko wasiƙar komawa aiki a cikin kayan Auta, ya sa ta a leda, yana yawo da ita gida-gida kamar wanda ya tsinci takardar fili. Maganar hawan jini ta ƙi zama, don mutanen unguwa ba jakuna ba ne, don haka ya samo sabuwar hanyar wanke sunan gida. Likita ya sa hannu cewa yaro ya warke, yaro ya mutu, ke nan likita ne ya kashe shi. Za a kai ƙara hukumar asibiti, a tuɓe masa farar riga, kowa ya ji ba daga jininsu abin ya fito ba.

Ya ce wa Yaya, "Ke dai ki zauna ki yi shiru, ki yi fuskar tausayi in kina da ita. Ni zan yi magana. Na san yaren mutanen nan."

Ba ta musa ba. Gaskiya ma shirin ya yi mata. Mako uku tana ɗauke da wani dutse a ƙirji, ga Kawu ya samo mata kan da za a sauke shi. In Biro Uku ya ɗauka, ba wanda zai taɓa sanin abin da aka yi a kan benci, don mutum biyu ne suka sani, ɗaya yana ƙasa.

Suka hau benen. An ƙara kujera ɗaya a ɗakin. Likitan ya rame, kwalar rigarsa ta naɗe ta gefe guda, guga ce ta wanda bai san aiki ba. Ya yi musu gaisuwar rashi. Kawu bai bari ya ƙarasa ba, ya zaro ledar ya buga a tebur.

"Wannan sa hannun waye?"

"Nawa ne, Baba."

"Ni ba babanka ba ne. Na yi aikin ofis tun ba a haife ka ba. Ka rubuta ya warke. To ina yake?"

Likitan ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Ban kira ku don in wanke kaina ba. Ni ma akwai abin da ban gane ba, ina so ku taimake ni. Bari in fara da yadda muke aiki. Rashin barci, kuka, nauyin zuciya, waɗannan su ne abin da ido ke gani, kamar tsaga a jikin bango. Magani yana liƙe tsaga. Amma mu muna duba har yadda aka ɗora ginin, wato yadda mutum yake ganin kansa, yadda yake zama da mutane, da inda yake kai baƙin ciki idan ya zo masa. In waɗannan suna da ƙwari, tsaga ba ta nisa. In ba su da shi, ko an liƙe sai ta sake buɗewa."

Kawu ya juya ga Yaya. "Asibiti muka zo ko wurin magina?"

Likitan ya ci gaba kamar bai ji ba. "Kowa yana da garkuwar da ya koya tun yana ƙarami, yana kare kansa da ita ba tare da ya sani ba. Mutumin da yake zama a kujerar nan, garkuwarsa ita ce yarda. Duk abin da na ce, sai ya ce haka ne. In na yi murmushi ya yi. Kamar ruwa, kwanon da aka zuba shi shi ne siffarsa. Irin wannan mutum ba ya iya fushi da wanda yake ƙauna, don yana tsoron a bar shi. Fushin ba ya ɓacewa, juyawa yake yi ya koma ciki, ya riƙa dukan mai shi. Wannan na gani, kuma ya dame ni. Amma takardun da yake cikawa sai suka fara nuna wani abu daban. Ba tsoro, ba kaɗaici, ba shakka. Na ɗauka ginin ne yake yin ƙwari daga ciki, bakin ne bai kamo ba tukuna."

Ya buɗe fayil, ya jera takardu huɗu a tebur. Yaya ta gane su. Har inda fensir ya huda shafi saboda dannawa tana gani.

"Bayan rasuwarsa na zauna na karanta su a jere, layi-layi, ba jimillar maki kaɗai ba. Sai na ga ba lafiya suke nunawa ba. Wata garkuwa ce daban, ta wani irin mutum daban. Mai waɗannan amsoshi bai yarda yana buƙatar kowa ba. Bai taɓa jin tsoro ba, in ji shi, bai taɓa neman taimako ba, kuma kowa a idonsa wawa ne. Mu in muka ga haka, yawanci mutum ne da aka ɗora wa kaya tun bai kai ba, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko ya gaji. Sai ya koyi raina mutane, don raini ya fi kuka sauƙin ɗauka. Wanda ka raina ba zai iya ba ka kunya ba, ba zai iya tafiya ya bar ka da ciwo ba. Kuma duk raunin da ya gani a jikin wani sai ya yi maza ya danne shi, don yana tuna masa da nasa. Wannan ba mutumin da nake hira da shi ba ne. Na kasa gane yadda mutum ɗaya ya zama biyu haka."

Kawu ya buga cinya. "Kin ji ko? Da bakinsa! Ya ce bai gane ba! Likita ya ce bai gane ba, amma ya sa hannu. Ai magana ta ƙare."

Yaya ba ta ji Kawu sosai ba. Wuyanta ya ɗauki zafi kamar an kanga mata dutsen guga. Wannan ɗan yaro mai naɗaɗɗiyar kwala, wanda bai taɓa yi mata tambaya ɗaya ba, wanda ko sunanta bai sani ba, ya tuɓe ta a gaban Kawu da takardar da ko hannu ba ta sa mata ba. Abin da ya fara zuwa bakinta shi ne ta ce masa ƙarya yake yi, masu karatu duk haka suke, su ɗauki abin da kowa ya sani su sa masa tabarau. Har ta buɗe baki. Sai ta ji cewa in ta faɗa, akwatin nan na raina mutane ta sake cikawa a gabansa.

Ga ƙofa a buɗe. In ta yi shiru minti biyu kawai, Kawu zai kwashi ledarsa, likita zai ɗauki dutsen, ita ta koma gugarta.

Ta ce, "Ba mutum ɗaya ba ne."

Suka juyo.

"Mutum biyu ne. Shi yake karantawa, ni nake faɗa masa inda zai sa. Ta farko ce kaɗai tasa. Waɗannan huɗun nawa ne."

Kawu ya ce, "Ke! Rufe mana baki! Likita, kada ka saurare ta, baƙin ciki ne ya taɓa ta."

"Baƙin ciki bai taɓa ni ba, Kawu, ni na taɓa shi. Aikinsa nake so ya koma. Na ga in ya faɗi gaskiya ana ƙara masa kwanaki, sai na hana shi faɗa." Ta juya ga likitan, muryarta ta koma irin wadda take yi wa sabbin ma'aikata. "Kai kuma, da biro uku da shekara bakwai, ba ka iya bambance bakin mace mai guga da na direba ba? Mutum yana zaune a gabanka kowace Talata, kana ganin idonsa, ka bar idon ka bi akwati?"

Likitan ya daɗe yana gyara takardun da ba su karkace ba. Ya fara wata magana a kan yadda aka tsara awon da irin binciken da aka yi a kansa, sai ya tsaya da kansa a tsakiya. Ya ce, "Ga tawa garkuwar nan, kin gani. In abu ya yi mini zafi sai in koma bayani." Ya ajiye fayil ɗin. "Na ga takardar ta fi mutumin lafiya. Na gani. Amma akwai mutum arba'in a baranda, kuma ina so a ce na warkar da wani. Sai na zaɓi takardar."

Kawu ya miƙe, yana ƙoƙarin mayar da wasiƙar cikin leda. "Kin san abin da kika yi? Kin zubar mana da ƙara. Kin ɗauko abin daga kansa kin ɗora a kanmu. Wallahi kafin dare kowa sai ya ji ke ce."

"Ka gaishe su, Kawu. Ka buga hatimi a kai."

Ya fita ya bar ƙofar a buɗe.

Sai ita da likitan da kwalin share hawaye, wanda ta ture gefe da bayan hannu. Ta ce, "To, masani. Tambaya ɗaya, kuma kada ka ce mini yaya na ji da hakan. Ni na kashe shi?"

"Ba zan ce e ba, don ba gaskiya ba ne. Ciwon ya girmi takardun nan da shekaru. Ba kuma zan ce miki ba ruwanki ba, don kin san ƙarya ce, za ki ƙara raina ni. Da na ga amsoshinsa na gaskiya, da ban sallame shi ba. Ko hakan zai tsayar da abin, ban sani ba. Ba wanda ya sani."

"Shekara bakwai, amsar ita ce ban sani ba."

"Ita ce."

"Ko mai sayar da maganin gargajiya a bakin titi ya fi ka ƙarfin hali."

"Ya fi ni. In kina so ki riƙa zuwa ranar Talata, kujerar tana nan."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ɗauki jakarta. "Allah ya kiyaye."

Ba ta taɓa komawa ba. Kawu ya cika alkawari, kafin mako ya zagayo dangi sun samu sabon bayani, kuma wannan ya fi na iska da na ƙwaya daɗin faɗa. Wasu sun daina gaishe ta. Ba ta yi asarar komai ba, gaisuwarsu dama ba ta taɓa ƙosar da kowa ba.

Amma a ranar, da ta dawo daga asibiti, ta tarar da matar Auta a tsakar gida tana wanke kwanuka. Yarinya ce siririya marar hayaniya, wadda Yaya ta daɗe da yanke wa hukuncin cewa ba komai a kanta. Shekara biyar suna gida ɗaya, ba ta tuna ranar da suka yi hirar da ta wuce ta gishiri da sabulu ba. Ta tsaya a kanta ta faɗa mata abin da ta faɗa wa likita, a tsaye, ba ado, don gara ta ji daga bakinta kafin Kawu ya ƙara masa yaji.

Matar Auta ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, Yaya. Yana dawowa yake faɗa mini. Layi-layi yake faɗa mini abin da ya so ya sa."

"Kin sani? Kin sani kika zauna kamar turmi? Me ya hana ki magana?"

"Na yi. Sau biyu na zo ɗakinki. Na farko na ce, Yaya, mutumin nan fa da dare, sai kika ce ai sauro ne, a sayo maganin feshi. Na biyu na ce, Yaya, ina ganin takardar nan, sai kika ce in ina so ya zauna a gida in riƙa kallonsa ne in faɗa." Ta ɗauraye kwano ta kife. "Ba ki taɓa barin na kai ƙarshen magana ba. Ke kike ƙarasa mini. Shi ma haka."

Yaya ta nemi abin da za ta mayar. Akwai su da yawa, sun yi layi a harshenta, kowanne da kaifinsa. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Shekara biyu ke nan. Dangin matar Auta sun zo ɗaukarta sau biyu, ta ce tukuna. Tana nan a ɗakin da ke kallon na Yaya, ta sayi keken ɗinki tana taɓa aiki. Yaya tana nan a shagonta, kuma har yau ba ta ga wanda ya iya guga ba in ba ita ba.

Kowace safiya in ta shirya, sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta ce, "Ke, yaya kika kwana?" Sannan ta kama gefen mayafinta ta sa tsakanin haƙora ta cije. Wata ran amsar kalma ɗaya ce. Wata ran yarinyar sai ta yi shiru har a ɗauka ta gama, sannan ta ɗauko wani mafarki marar kai da gindi, ko ciwon baya, ko wata magana da Auta ya taɓa yi, ta yi ta jan ta har Yaya ta makara mai shago ya yi tsawa. Rabin abin da take faɗa shirme ne, kuma Yaya ta san ƙarshen kowace jimla tun daga farkonta. Tana tsaye dai, da mayafi a baki, har sai yarinyar ta kai aya da kanta.